Kwanon Gidan Alhaji Sanusi

A layin da Alhaji Sanusi yake zaune cikin Nassarawa GRA, gidansa kaɗai ya rage da gajeriyar katangar nan ta da, wadda mai wucewa kan hango bishiyar mangwaro da igiyar shanya. Maƙwabta duk sun sayar, ko 'ya'yansu sun sayar bayan rasuwarsu, an rushe an ɗora benaye. Shi ya ce sai dai bayan ransa. Injiniya ne, aikin ruwa ya yi wa gwamnati tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai, ya yi ritaya bai ajiye komai ba sai gidan nan da tsohuwar Fijo da taurin kai.

Taurin kan kuwa ba na wasa ba ne. Mutum ne da ba ya son sabon abu, ko na alheri ne sai ya harare shi tukuna. A wurinsa duk wanda ya ɗauki bindiga ya kashe bayin Allah hukuncinsa ɗaya, ba ya son jin zancen sulhu balle na tubabbu. Yana da dalilinsa. Babban ɗansa Imran ya fita karɓo ɗinki da yammacin Juma'ar nan ta watan Janairun 2012, bama-bamai suka tashi a gari, sai washegari aka gano shi cikin gawawwaki. Tun daga nan in ya ji an yafe wa wani ɗan ta'adda har an koya masa sana'a, sai ya kashe rediyo ya fita tsakar gida yana zagaye. 'Yan siyasa bai ware ko ɗaya ba, ya ce hula kawai suke sauyawa. Gidajen labarai na waje ya ce in Bature ɗaya ya mutu har sunan karensa sai sun faɗa, in ƙauye guda aka ƙone a Zamfara sai su ce mutane da dama. Na gida kuma ya ce wanda ya sayi filin shirin shi ke da gaskiya a ranar. Duk da haka ba ya wuce labaran safe da na yamma, don ya samu abin yin faɗa a kai.

Wurin yin faɗan shi ne ciyayya. Dattawan layin sun taso da ita ne daga cikin gari, da suka dawo GRA suka ƙi yar da ita. In an idar da magariba a ƙaramin masallacin layin sai a shimfiɗa tabarmi a baranda, kowane gida ya fito da abincinsa, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Ba a tsallake kwanon kowa. Ko miyar ta yi lami sai an sa hannu, don cin abincin mutum shi ne shaidar ana tare da shi. In dattijo ya rasu ɗansa ya gaji wurin zamansa, kwanon gidan ya ci gaba da fitowa. Abin da aka faɗa a kan tabarmar kuma a nan yake tsayawa, ba a kai shi ko ƙofar gida.

Ciyayyar nan ita ta riƙe mutum biyu a gidan, ba shi kaɗai ba. Matarsa Hajiya Uwa tun rasuwar Imran ta daina zuwa biki da suna, 'yarsu Nabiha kuma tana aure a Abuja. Abin da ya rage mata a duniya shi ne girkin magariba. Tun la'asar take kansa, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ludayi. Sauran gidaje sun koma kuloli masu sheƙi, ita tana nan da kwanon samirarta, Alhaji ya ɗauka da kansa ya fita. In ya dawo da shi a suɗe, ranar takan yi barci.

Lokacin da yaƙin Gaza ya yi tsanani, Alhaji Sanusi na cikin waɗanda abin ya fi ci wa rai. Ya san yadda ake neman ɗa a cikin gawawwaki, don haka in ya ga uba yana tonon ɓaraguzai sai ya ajiye wayar ya share ido. Kowa a tabarmar ya san haka.

A cikin masu zama akwai Badaruddeen, wanda ya gaji wurin mahaifinsa. Magidanci ne da ya ba arba'in baya, yana da shafin labarai a intanet, yana kuma yi wa wani ɗan siyasa aiki. Alhaji bai taɓa raga wa ubangidan nasa ba, ya sha cewa a gabansa mutumin ko rijiya aka ba shi sai ya sayar da gugan. Wani maraice ana tsakiyar cin tuwo Badaruddeen ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Ya ce Allah ya tsine wa Yahudawa baki ɗaya, manyansu da jariransu, babu na kirki a cikinsu tun da aka halicci duniya. Ya ce su ne a bayan 'yan bindiga, su ne a bayan tsadar mai. Dattawa suka amsa da amin yadda aka saba, wasu ma da loma a baki. Alhaji Sanusi bai amsa ba.

"Baba Injiniya, ban ji amin ɗinka ba," in ji Badaruddeen.

"Ba za ka ji ba, Badaru. Ka tsine wa mai jefa bam a kan yara, zan ce amin har muryata ta dushe. Amma jarirai me suka yi maka? Wanda ya kashe mini Imran da kabbara a bakinsa ya zo, ɗan ƙasar nan ne, ba wanda ya aiko mana shi daga wata uwa duniya. Mu daina neman wanda za mu ɗora wa kayanmu."

Daga nan ya ba su labarin da bai taɓa ba su ba. Ya ce da gwamnati ta tura shi karatu Ingila yana saurayi, a gidan wata tsohuwa ya kama ɗaki a Manchester. Ba ya cin naman da bai san yankansa ba, ya zauna a kan burodi da shayi har wandonsa ya fara zamewa. Tsohuwar ta lura. Bayahudiya ce, danginta duk an kashe su a yaƙin Jamus, ita kaɗai ta tsira. Ita ta kai shi wurin mahaucinsu, ta riƙa dafa masa, ta kwashe kaya daga wani lungu ta ce ya yi sallarsa a nan. Da azumi ita ke buga masa ƙofa ya tashi sahur, da sanyi ya kwantar da shi ita ta yi jinyarsa.

"Matar nan uwata ce a can," ya ce. "Ni ba zan ce amin a kanta ba."

Ya ga wayar Badaruddeen a kife kusa da gwiwarsa, bai kawo komai a ransa ba. A kan tabarma suke, shi kuwa tun yana yaro ya san hukuncin tabarma.

Washegari da hantsi Nabiha ta kira tana kuka. An sa muryarsa a shafin Badaruddeen da hotonsa na wani ɗaurin aure, an rubuta a sama cewa wani tsohon injiniya a Kano ya ce Bayahudiya ce uwarsa, ba zai yi wa Falasɗinawa addu'a ba. An yanke zancen bam da yara, an yanke Imran, an yanke sahur, an bar jimla biyun nan na ƙarshe tsirara. Kafin azahar wasu shafuka sun ɗauka. Masu sharhi suka ce dama an daɗe ana zarginsa, wani ya ce shi ya sa ruwan famfo bai taɓa zuwa unguwarsu ba. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka yi ta rantsuwa sun san ranar da aka saye shi. Wani ya zo da gawayi ya yi rubutu a jikin gajeriyar katangar.

Abin ya yi masa ciwo, amma bai tsorata ba. Ya ce wa Hajiya shirmen yaran waya ne, dattawan da suka ji maganar daga farko har ƙarshe suna nan da ransu. Da magariba ya ɗauki kwanonsa ya fita. Aka gaisa lafiya lau, har da tambayar ciwon ƙafarsa. Aka ci na gidan liman, aka ci na gidan Badaruddeen, aka bi layi. Da aka zo kan samirar, sai Alhaji Muhammad Sani, amininsa tun suna makarantar kwana, ya janye hannu ya ce alhamdulillahi, shi kam ya ƙoshi. Sai kowa ya ƙoshi. Aka miƙo buta aka fara wanke hannu, ba wanda ya ko ɗaga murfin.

A hanyar gida ya juye wa masu gadin wani gini tuwon, ya shiga da kwano wayam ya ce an yaba. Haka ya yi ta yi kwana da kwanaki, mutumin da bai iya ƙarya ba ko a wasa. Amma unguwa ba ta ɓoye irin wannan. Matar liman ta shigo yi wa Hajiya jaje, a nan ta ji komai.

Alhaji Muhammad Sani ya zo da kansa wata safiya, ya ƙi zama, ya tsaya a gindin mangwaro yana murza carbi.

"Sanusi, duk mun ji abin da ka faɗa, ba mu ce ka yi ƙarya ba. Amma yaron nan wayarsa na tabarma kullum. In aka ɗauke ni da hannu a kwanonka, gobe ni ne a shafin. Yarana suna kasuwa, jikokina suna makaranta. Ka ba da haƙuri a wuce wurin, don Allah."

"In ba wa wa haƙuri? Wanda ya ci amanar tabarma shi ya kamata ku tayar."

"Wa zai tayar da shi? Zamani ne nasu, Sanusi."

Da Hajiya Uwa ta daina girkin ma da abin ya zo da sauƙi. Ba ta daina ba. Kullum tana kan murhu tun la'asar, har ƙara man shanu take yi, kamar laifin miyar ne. Ta hana shi juye wa kowa, ta ce ya dawo mata da abinta ta gani. Sai ya dawo da shi da nauyinsa, ta buɗe, ta zauna ta zuba wa tuwon ido har ya sandare. Ta rame, ta koma yin shirun nan da ta yi bayan Imran, wanda ya ɗauka sun rabu da shi. Wannan ne ya fi ƙarfinsa. Zagin duniya bai hana shi barci ba, amma ƙarar buɗe murfin nan tana hana shi.

Wata rana ta rufe kwanon ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Alhaji, tsohuwar nan ta Manchester ta rasu tun kafin a haifi Imran. Ba abin da zai same ta. Ni kuwa ina nan da raina."

Washegari ya aika wa liman cewa zai ba da haƙurin.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka yi abin a barandar masallaci. Liman Malam Aƙilu ya zauna a gefensa, Badaruddeen ya tsaya a gabansu da waya, har yana cewa Baba ya ɗan gyara hula. Alhaji Sanusi ya ce suɓutar baki ce da tsufa, yana neman afuwar al'umma. Ya ɗauka shi ke nan. Sai Badaruddeen ya ce a rufe da addu'a, ya maimaita waccan addu'ar tasa kalma bayan kalma, da manyan da jariran, ya tsaya yana jira da wayar a saitin fuskar tsohon. Liman ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ɗaga tafukansa ya ce amin.

Da magaribar ranar, da samirar aka fara. Dattawa suka yi mata rubdugu kamar sun shekara ba su ga tuwo ba, kowa na santi da ƙarfi don a ji shi. Hira ta koma kan wasu 'yan bindiga da aka ce za a yi sulhu da su, zancen da a da in aka taɓo shi sai an yi kiran isha Alhaji bai sauka ba. Alhaji Muhammad Sani ya juyo da fara'a, yana son ya nuna komai ya wuce.

"Injiniya, kai me ka gani?"

"Duk yadda kuka gani," ya ce.

Ya shiga gida da kwanon a suɗe tas. Hajiya Uwa ta karɓa ta ji ba nauyi, ta buɗe ta leƙa, fuskarta ta saki a karon farko cikin makonni. Ta ɗauko buta da sabulu za ta zuba masa ya ƙara wanke hannu, don ruwan masallaci ba ya fitar da man shanu. Ya miƙo hannun dama. Ta riƙe shi ta juya, ta duba tafin da 'yan yatsun, ta kai hancinta. A bushe yake, ko ƙanshin daddawa babu. Ta ajiye butar a hankali, ba ta saki hannun ba, shi kuma bai janye ba.