Ɗakin Juma'a na Anti Mieta

Duk wanda ya tashi a gonar inabin da ke bayan kogi ya san Anti Mieta Fortuin. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da haƙoran gaba, in ta kira sunanka daga bakin famfo har can cikin kunyoyi za ka ji. A layin gidajen leburori aka haife ta, kusa da namu. Mahaifinta mai datse reshen inabi ne, a zamanin da ake haɗa wa ma'aikaci lada da gwangwanin giya safe da yamma. Ita ma tun ba ta gama tsayi ba ta shiga tsinkar inabi, ta shiga layin gwangwani. Ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Masu ciki ma suna sha, wai yana ƙara jini.

Ɗa ɗaya ta haifa, Floris. Ya zo duniya ɗan mitsitsi, bai iya kama nono ba, ya daɗe bai yi tafiya ba. A makaranta, abin da aka koya masa yau, gobe babu shi. Malamai suka yi ta dukansa, ita ma ta yi ta duka.

Ya fara zama saurayi lokacin da motar asibiti ta soma zuwa gonarmu. Nas ɗin da ke cikinta, Sista Jantjies, ta daɗe tana duban fuskarsa, sannan ta ja uwar gefe.

"Anti, da kina da cikinsa, kina sha?"

"Wa bai sha ba, 'yar nan?"

Sista ta gaya mata cewa abin da uwa ta sha yana isa ga ɗan da ke ciki, ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma ba ya gyaruwa. Ta ce, "Yaron nan ba taurin kai gare shi ba. Iya ƙoƙarinsa ke nan."

Mahaifiyata tana wurin. Ta ce Anti Mieta ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a kan dutse har motar ta tafi. Daga ranar ba ta sake ɗaga wa Floris hannu ba. Giyar ce ta ba ta wuya. Ta bari, ta koma, ta sake bari, sai da kaka ta zagayo sau biyu kafin ta rabu da ita.

Juma'a ake biyan albashi, kuma ranar kowane gida sai ya zama mashaya. Anti Mieta ta lura mai ciki ko ba ta so sha ba, ba ta da inda za ta zauna. Sai ta fara kiransu kicin ɗinta, ta ɗora miyar wake, ta soya fetkuk, irin fankenmu na fulawa, a ci a yi hira. Kafin shekara kicin ya kasa ɗaukarsu.

Sista ce ta zo da labarin gwamnati na ba ƙauyuka tallafi a kan irin wannan lalura. Anti Mieta ta yi dariya ta ce, "Gwamnati ta san da mu ne? To ki rubuta, in ya zo ki tashe ni." Sista da faston cocinmu suka nema, kuma ya zo. Mai gona ya ba da tsohon siton da ake shanya inabi. Aka sayi murhu, da kekunan ɗinki biyu, da kujeru, da rediyo. Mu da kanmu muka shafa farar ƙasa.

A lokacin ina ɗauke da cikin fari. Wata Juma'a abokan mijina sun cika mana ɗaki, sai ga Anti Mieta a bakin ƙofa.

"Ke, ɗauko mayafinki. Kai kuma Gert, in ka ga dama ka sha har da kwalbar, matarka dai tana wurina."

Har yau ina jin ƙamshin ɗakin Juma'ar nan: man suya, da jan shayi, da ɗan sauran zaƙin busasshen inabi da ya kama katakon rufi. Muna ɗinka rigunan jarirai muna gulmar mazajenmu. Floris, wanda ya riga ya zama magidanci a tsayi, shi ke kwaɓa fulawa, kuma jariri in ya ƙi kowa, a kafaɗarsa yake barci.

Akwai wata Kaatjie, mai bakin tsiya, kullum ita ce ta ƙarshen shigowa.

"Zo nan ki busa mini a fuska," in ji Anti Mieta.

"Haba Anti, maganin tari ne fa."

"Wannan tari naki ya san kalanda, sai Juma'a yake kama ki?"

Muka kwashe da dariya, har da Kaatjie. Anti Mieta ba ta kore ta ba. Ta zuba mata miya, ta zaunar da ita kusa da murhu. Ba ta taɓa korar kowa ba.

In sabuwar mai ciki ta zo, ba ta yi mata wa'azi. Sai ta dafa kafaɗar Floris ta ce, "Kin ga wannan? Ya fi ni hali. Amma ba zai karanta sunansa ba har ya mutu, kuma ni na jawo masa." Shi kuwa sai ya ce, "Mama, bar maganar nan, mai yana ƙonewa."

Yawancinmu mun haifi 'ya'ya lafiyayyu. Na Kaatjie ya zo ƙanƙane, da irin fuskar da muka riga muka gane. Ta kulle kanta a ɗaki don kunya. Anti Mieta ta je ta buga ƙofa har aka buɗe, ta karɓi jaririn, ta ce, "Ni ban samu wanda zai gaya mini yadda ake renon irinsa ba. Ke kin samu. Tashi ki wanke fuska." Kaatjie ba ta sake sha ba, kuma na biyunta lafiya lau ya zo.

Bayan wasu shekaru tallafin ya tsaya, aka ce an karkata shi wani wuri. Ba a daɗe ba aka sayar da gonar, sabon mai ita ya mai da siton ɗakunan kwanan baƙi masu zuwa ɗanɗana giya. Anti Mieta ta koma kicin ɗinta, da mata uku ko huɗu, har ƙafafu suka ƙi ɗaukarta. Da sanyi ta rasu, lokacin da itatuwan inabi suka zubar da ganye. Cocin bai ɗauke mu ba, yara da yawa a waje suka tsaya cikin yayyafi.

Kaatjie ce ta ɗauki Floris, suna zaune a gari yanzu. Ya samu aikin ban ruwa a lambun asibiti, gashinsa ya fara furfura. Na haɗu da shi a tashar mota watan jiya. Ya manta sunana, amma ya tambaye ni ko 'yata ta daina kukan dare. Na ce masa ta daina, aure ma za ta yi. Ya ce in gaishe ta.