Gorar Auna Lungu

Har yau in na ji jiniyar motar kashe gobara sai raina ya ɓaci. Ba da masu motar nake fushi ba, da mutanenmu nake.

Gidanmu ne na ƙarshe a wani dogon lungu a Sabo. Bayan magariba kakata Iya Hansatu takan hura murhu a tsakar gida, ta ɗora masara, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniya kam ba ta ƙare mata. Amma akwai labari ɗaya da in za ta fara sai ta ajiye mafici ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce. Kada ɗan da ya ce mini ta zo mu ji ta."

Labarin gidan 'yan kwana-kwana ne, waɗanda Yarbawa ke kira panapana. Mahaifinta na cikin leburorin da suka ɗauki bulon ginin, shi ya sa take maganarsa kamar gādonta. Ta ce doguwar hasumiyar nan ba ado ba ce. Taga gare ta ta kowace fuska, mai gadi yana sama yana duban hayaƙi, a cikinta kuma ake rataye mesa ta tsane. Daɓen ma da gangara aka yi shi zuwa titi, ko mota ta ƙi tashi, turi kaɗan ya isa. Sai ƙofofin nan jajaye masu baka, kowace an yi ta daidai yadda mota za ta fita ba ta gogi bango ba.

"To dattawan lungun nan masu hankali ne," in ji ta. "Suka sari gora, suka je suka auna ta da faɗin ƙofar. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, mutum biyu za su riƙe ta a gicciye, su bi lungu daga bakin titi har ƙofar gidan nan. Rumfar da ta taɓa gora, a ranar za a janye ta, ko ta limami ce."

Mukan yi dariya a nan, domin mu ma mun san gorar. Muna bin ta da ihu duk shekara, kuma ba ta taɓa rumfar kowa. Sai Iya ta harare mu.

"Kun ga ta taɓa? Ina za ta taɓa, ana yi mata kaciya duk shekara! Wanda ya ƙara shago sai ya kai wa mai ajiyarta goro, a rage taki ɗaya. Da da ƙyar ƙato biyu ke juya ta, yanzu ta koma sandar makaho."

Ba a bayan ido take faɗa ba. Na taɓa ganin ta tare ƙanen mijinta, Alhaji Sule, ranar da ya fara zuba simintin shago a bakin lungu. Ya ce, "Haba Yaya, Allah ne ke tsarewa." Ta ce, "Shi ya ba ka hankali ai. Ka tambayi simintin naka ko yana matsawa in mota ta yi hon." Aka ce tsohuwa ta fara rikicewa.

Na girma, na yi aure, Iya ta daina gani sosai. Wata ranar rani da azahar wuta ta tashi a shagon mai gyaran katifa, ta kamo gidaje tana tahowa ƙuryar lungu. Mota ta zo da wuri, da ruwanta cike, na gani da idona. Ta tsaya cak tsakanin shagon Alhaji Sule da na maƙwabcinsa. Aka ja mesa iya tsawonta, ba ta kai ko rabi ba. A bayana na goyo Iya na tsallaka katanga da ita. Ɗakin da ta haifi 'ya'yanta duka, da murhun nan, babu abin da ya saura.

Abin da ya fi ƙona mini rai, masu shagunan nan su ne kan gaba wajen zagin 'yan kwana-kwana. Wai ba su san aikinsu ba! Har da mai ɗaga dutse. Kunya dai ta yi ƙaura daga wasu fuskokin. Iya tana zaune a barandar mutane, ta ji hayaniyar, ta ce, "Ku bar bayin Allah. Ku kawo gora a auna." Ba ta ƙara shekara ba a duniya.

Ina yaro na ɗauka labarin gini take ba mu. Yanzu na gane abin da ya sa kullum take nanata maganar ƙofar: ita ce ma'aunin da ba wanda zai iya kai wa goro. Tsohon gidan 'yan kwana-kwanan yana nan, fentin ya kwaile, an daina hawa hasumiyar, amma faɗin ƙofar bai ragu ba.

Bana da aka fara sake gini a lungun, na sayi sabuwar gora. Na je na roƙi ma'aikatan kashe gobara, suka bar ni na auna ta a ƙofarsu, wani dattijo cikinsu har ya riƙe mini gefe. Muka ɗauko ta ni da ƙanena. Ko bakin lungu ba ta shiga ba, ta daki bangon Alhaji Sule, ƙwas!

Ya fito yana jan carbi, ya dubi gorar, ya dube ni.

"Jikana, ai wannan ta yi tsawo," in ji shi. "Bari a kawo zarto."