Ranar da Tsayayye Ya Kwanta a Lungun Kicin

Jama'a a ba da hanya, a janye yara daga gaba, ga Kawuna nan tafe: sarkin zarto, angon guduma, mutumin da katako ke jin tarinsa ya miƙe da kansa. Kafinta ne. Shekara ashirin da shida yana haɗa kabad ɗin kicin, kuma duk layin masu katako Tsayayye suke ce masa, don ba a taɓa ganin ya kwanta ƙarƙashin wani abu ba. Ƙato ne, kafaɗa kamar ƙofar gareji. To wannan ƙaton da kuke gani, ku sa shi a wuri matsattse ku ga yadda namiji ke narkewa.

Abin ya samo asali tun yana shekara shida. Suna wasan ɓuya, ya shige akwatin ƙarfe na kayan mahaifiyarsu. Yayarsa, wato uwar da ta haife ni, ta hango shi, ta danna murfin ta saƙala ƙarfen kullewa don tsokana. Sai aka aike ta sayen gishiri, ta haɗu da ƙawa a hanya, hira ta yi daɗi. Da aka buɗe shi bayan awa biyu bai yi kuka ba, ido kawai ya zazzaro. Gida ya yi dariya, kowa ya manta. Ban da shi.

Tun daga ranar, in mota ce sai kusa da taga. Bene ko hawa goma ne da ƙafa yake hawa. Ya ce motsa jini ne, mutane suka yarda.

A sana'a ma ya san yadda ya yi da kansa. Komai a shago yake haɗawa, a kan teburi, bayan kabad a buɗe. Abin da ya rage ya ɗaure shi ta sama kafin a ɗora dutsen mabul. Wuri ɗaya ne ya gagare shi: lungu, inda bango biyu suka haɗu. Kabad ɗin lungu ciki ne da shi kamar rumbu, baki kuma kamar na tulu. Dabara uku ake yi masa: faranti mai juyawa, ko kwando mai jawowa waje, ko a toshe shi gaba ɗaya da katako. Biyun farko suna son mutum ya tura kai ciki. Saboda haka shekara ashirin da shida Kawu yana wa'azin na ukun.

"Faranti? Uwargida, gidan kyankyasai za ki gina. Kwando kuma wata shida ya fara kuka kamar tsohon keke. A toshe, a huta."

Matan gari da yawa sun rasa lungunsu a bakin Kawu. Sai bana Yayarsa ta tashi gyaran kicin.

"Auta," ta ce, don ita har gobe Auta take ce wa wannan dutsen, "faranti mai juyawa nake so."

"Yaya, kyankyasai..."

"Kyankyasan gidanku. Gwiwata ta ƙare, kicin ɗin nan bai fi tabarma biyu ba, ka ce in binne rabinsa? Tukwanen nan a kanka zan jera su?"

"Kwando fa? Ko shi ma dai..."

"Ai kai ka ce yana kuka. Faranti."

Ba a yi wa Yaya musu sau uku. Ya koma shago ya yi lissafinsa, hankalinsa ya kwanta. Farantin yana juyawa ne a kan sandar ƙarfe, kan sandar kuma sukuru huɗu ke riƙe shi. Ranar Laraba zai zo ya ɗaure su ta sama, a tsaye kamar mutumin kirki, masu mabul su zo Alhamis su rufe.

Laraba da hantsi ya shigo kicin da jakarsa, ya tsaya cak. Mabul a shimfiɗe, baƙi wuluk, an manne shi da gam har ya bushe.

"Jiya suka zo," in ji Yaya, tana murna. "Sun ce sun sami sarari. Ka ga an rage maka jira."

Gumi ya tsattsafo masa a bayan wuya. Ya durƙusa, ya tura hannu har kafaɗa, kuncinsa manne da katako. Saura taƙi ɗaya yatsunsa su kai. Ya ɗaura sukudireba a jikin sanda ya gwada, sukurun ya faɗi can ciki, ya ji ƙararsa kamar a rijiya. Ya yi tunanin fasa dutsen. Ya yi tunanin kiran masu mabul su shiga masa, sai ya hango bakinsu gobe a layin katako: Tsayayye ya ɗauko ɗan kwangila don sukuru huɗu. Ya ce zai sha ruwa. Ya sha kofi uku. Ya sake auna ƙofar kabad ɗin da shi da kansa ya yanka.

"Auta, aunawa ka zo yi ko aiki? Ina da baƙi Juma'a."

Ya yi bisimilla, ya kwanta da baya a kan tayil, ya cusa tocila a baki. Kai ya shiga. Ya karkata kafaɗa ɗaya, sannan ɗayar, ya ja jiki har ƙugu. Ƙasan mabul yana dab da hancinsa. Warin gam da sabon katako ya cika masa ƙirji. Ya ɗaga hannuwa da ƙyar, ya ɗaure sukuru na farko. Na biyu ma ya shiga.

Sai ya ce bari ya leƙa waje ya shaƙi iska. Ya ja jiki, jiki ya ƙi. Bel ɗinsa ya maƙale a ƙarfen da ake rataya ƙofa, hannuwansa kuma suna sama, babu hanyar sauko da su. Ya sake ja. Ya tura ciki, ya ja waje. Tocila ta suɓuce daga bakinsa, ta gangara bayan sandar ta mutu.

Duhu ya rufe. Ya buɗe baki, iska ta ƙi shiga. Zuciyarsa na dukan haƙarƙari kamar mai neman ƙofa. Ya so ya ce Yaya, muryar ta ƙi fita, daidai yadda ta ƙi a cikin akwatin nan. Ya daki mabul da goshi. Katakon da ya yanka da hannunsa ya ji yana matsowa ta dama da hagu.

Yaya tana wanke kofi, ta ji dugadugai na buga tayil.

"Rawa kake yi a ciki?"

Shiru, sai bugun. Ta juyo ta ga wandonsa ya jiƙe da gumi har gwiwa, yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame. Kofin ya faɗi a kwano. Matar da ta yi shekara uku ba ta durƙusa ba ta zube a kan gwiwoyin nan, ta kama idon sawunsa da hannu biyu.

"Auta. Auta, ni ce. Babu murfi, ka ji? Ƙafarka tana waje, ga ta a hannuna. Ban je ko'ina ba."

Bugun ya ragu. Ta lalubo bel ɗin, ta zare shi daga ƙarfen.

"Na cire. Bari in ja ka."

Daga ciki wata siririyar murya ta fito, wadda ba ta yi kama da ta mai kafaɗar ba.

"Kar ki ja. In na fito ba zan koma ba. Saura biyu."

"A fasa farantin! A toshe lungun, na yafe."

"Ki haska min. Kuma kar ki saki."

Ta kunna fitilar wayarta ta tura ta gefen haƙarƙarinsa, ɗaya hannun na riƙe da ƙafar. Tana jin tsokar na karkarwa a tafinta. Sukuru na uku ya ɗauki lokacin da ake dafa ruwan shayi. Na huɗu ya fi haka. Sannan ya ce ta ja, ta ja.

Ya zauna ya jingina da bango, fuska kamar an watsa masa ruwa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Shekara arba'in da biyar, Auta. Ba ka taɓa faɗa ba."

"Kun yi dariya ai."

Ya miƙa hannu ya tura farantin, ya juya lau, ko ƙara babu.

Da labari ya zo kunnena, na wanke ƙafa na tafi shagonsa da takarda da biro. Na same shi yana auna katako. Na ce, "Kawu, yau duniya za ta san jarumi! Faɗa wa al'umma, me ka ji a ranka lokacin da ka karya tsoron shekara arba'in da biyar?"

Bai ɗago ba.

"Ɗaga ƙafarka, ka take min tef."