Gaisuwar Jaki

Shekarar da fari ya ƙafar da rijiyoyin Tsaskiya na iso garin daga ƙasarmu ta tsallaken teku, ina aikin sa kai a ɗakin shan magani. Hausata ba ta wuce gaisuwa ba.

Tsohon da aka sauke ni gidansa gwanin gaisuwa ne, kullum sai ya ƙure ni. Wata safiya na ce sai na rama. Na durƙusa, na tambayi kwana, gajiya, iyali, shanu. Kalmomina suka ƙare, shi kuwa yana jira. Idona ya faɗa kan jakinsa, na ce, "Baba, yaya jaki?"

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Zai ji."

Washegari sai ga shi ƙofar ɗakina riƙe da jakin, an ɗora masa jarka biyu na ruwa. Ya ce, "Ya ji saƙonki, ya zo da kansa."

Matan gida suka fito kallo. Dole na durƙusa na yi wa jaki sannu da zuwa, suna ta ƙyalƙyala dariya. Ranar na samu na yi wanka bayan kwana da kwanaki.