Littafin da Gara Ta Riga Ni Karantawa

Ina da shekara shida mahaifina, akawu a wani ofishin gwamnati a nan Kaduna, ya sayo littafi mai hotuna a gwanjon kayan wani Bature da zai koma gida. Sau ɗaya tak ya buɗe mini. Na ga jar akuya ta cusa kai cikin tukunya ya maƙale, yara suna jan ƙafarta. Ban iya karatu ba, amma na yi dariya har da hawaye. Na miƙa hannu zan juya shafi, Baba ya buge shi.

"Ke! Da wannan hannun mai maiƙo? Sai kin yi hankali."

Ya naɗe littafin a ƙyalle ya kulle cikin akwatin katako. Ran Lahadi abokan aikinsa suka zo, ya ciro musu. Ina leƙe ta labule, manya da gemunsu suna jujjuya shi, ko murmushi babu. To me akuya za ta yi musu? Ya mayar ya kulle. Kullum ina tambaya, "Baba, ta fitar da kan?" Kullum amsar, "Ba yanzu ba."

Bayan damina uku ya ga na yi hankali. Ya kira ni, ya buɗe akwati. Bangon littafin kawai muka tarar, sai jar ƙasa. Gara ta cinye.

Allah Ya jiƙan Baba, amma har yau ban huce ba. Gara ba ta wanke hannu ba, ba ta yi hankali ba, amma ita ce ta san ƙarshen akuyata.