Ramin Niƙan Inna Bushira

Inna Bushira mai sai da gabu, busasshen ganyen albasa, kowa ya san ta kasuwar Jega, wadda in ta yi dariya har masu albasa na waigowa. Bisa dutse anka haihe ta, can tsohon gari yamma da Maiyama, inda kakanni sunka jera duwatsu sunka yi ganuwa tun zamanin yaƙi. In ka hau kana hangen hwadama duka da gulbi yana walƙiya, kukoki manya manya, ga iska! Ruwa ne babu. Tana budurwa kowa yas sauko ƙasa anka kama noman albasa, garin yaz zama kufai.

Amma abu guda ba a bari ba. Bisa hwalalen dutsen akwai ramukkan niƙa, kowane gida da nashi, kuma duk ɗiyar da za a kai ɗaki sai ta hau ta niƙa gero ramin gidansu. Wadda tay yi kuskure tan niƙa na wasu, ita da ɗiyanta sun shiga bakin gari ke nan.

To ga bikin jikarta Salima ya taho, ga Inna ƙahwa ta ƙi, kuma ita kaɗai tas san ramin. Ɗanta Ɗahiru yac ce, Inna ki zamna, ni na gane shi, na kusa ga tsamiya ne.

Tac ce, kai wawa wanga na su Gidaɗo ne! So kake jikata ta koma tatsar nono?

Gidaɗo tsohon bahillacen maƙwabcinsu yana jin haka yat tuntsure da dariya, yac ce a bar ta ta niƙa mana, mun samu baiwa kyauta. Shi dai ne kuma yaj jawo jakinai na ɗaukar albasa anka aza Inna bisa, tana zaginai yana ramawa har sunka kai ƙohwar ganuwa, mata na biye da guɗa.

Da anka sauke ta sai tad dogara sanda har bisa hwalalen dutsen. Ƙasa ta cike ramukkan, haki ko'ina. Tad duba nan tad duba can, Salima har ido ya kawo ruwa. Can sai Inna tat tsaya inda gulbi ka bayyana tsakanin duwatsu biyu, tac ce nan innata ka durƙusawa, ku tona.

Anka tona, ga rami sumul! Salima tad durƙusa taz zuba gero, mata sunka ɓarke da guɗa, Inna na ihu, da ƙarhi ɗiyar nan, ke ba ki ci tuwo ba?