Akwatin Patron da Ragon Layya

Shekarar da aka rufe biron maigidana, wato ofishin da yake aiki, ni ce ke riƙe da kuɗin rago. Ba don na fi shi hankali ba, sai don shi irin mutanen nan ne da in kuɗi ya kwana a aljihunsu sai ya wayi gari da ƙafafu. Adashin matan layinmu na ɗauka, na haɗa da ɗan abin da nake samu a ɗinkin zannuwan gado, na ƙulle a ƙasan akwatin aurena. Lokacin matsin tattalin arziki ne, kiriz, kamar yadda muke kiranta a Duwala. An zaftare albashi, kamfanoni na ta rufewa, mazan unguwar New Bell da muka saba gani da nektai da sassafe sai ga su a bencin mai shayi har azahar.

Sana'ar maigidana sai na yi bayaninta, don ko danginsa ba su taɓa fahimtarta ba. A unguwar Akwa yake aiki, a biron wani tsohon Bature mai zanen gine-gine. In Baturen ya zana gini a takarda, shi kuma sai ya gina shi ɗan ƙarami, wanda zai zauna a kan tebur, da bangonsa da tagoginsa da matakala, har da bishiyar ƙofar gida. Maket suke ce masa. Mai kuɗin da bai iya karanta zane ba sai ya sunkuya ya leƙa ta taga, ya ga falonsa tun ba a haƙa harsashi ba. Surukata, Allah ya ji ƙanta, har ta bar duniya tana cewa ɗanta ya gama boko ya ƙare a wasan yara. Ni ma na sha yi masa tsiya. Nakan ce duk garin nan ba wanda ya kai shi yawan gidaje, amma ga mu a ɗaki biyu na haya, ruwa na shigo mana duk damina.

Da aiki ya tsaya, Baturen ya fara haɗa kayansa zai koma ƙasarsu. Ya kira maigidana ya ce ga akwatin kayan aikin maket, in yana so zai sayar masa kafin a rufe kwantena. Ya faɗi farashi. Da maigidana ya dawo gida ya gaya mini, ban ma buƙaci lissafi ba, na san kuɗin ragon ne cas, ba ragi ba ƙari.

Na ce masa, "Malam, ƙarafa za mu yanka ranar Sallah?"

Shi mutum ne mai shiru, ni kuma Allah ya yi ni da baki, shi ya sa muka daɗe tare. Sai da yamma, ina tsince shinkafa, ya zauna kusa da ni ya fara lissafa mini abin da ke cikin akwatin, a hankali, kamar mai ambaton 'yan'uwansa da ke nesa. Akwai ɗan zarto da haƙoransa suka fi na matsefi ƙanƙanta. Akwai wuƙaƙe masu siririn baki da ake canza musu kai, da rula ta ƙarfe, da hantsaki, da magagarai 'yan mitsi-mitsi. Akwai wani inji mai waya da ke yin zafi ta ratsa soso ba tare da ta yaga shi ba. Ya ce da waɗannan zai iya aiki a nan ɗakinmu, ba sai da biro ba. Wani ɗan kwangila da ke yanka filaye a Yassa ya riga ya yi masa magana, yana son maket da zai nuna wa masu saye, kuma akwai matasan masu zane a Ndogbong da ba su da mai yi musu.

Ni dai ban yarda nan take ba. Na ce ai ƙarfe ƙarfe ne, mu je kasuwa mu nemi mai sauƙi. Muka je kuwa. Muka zaga kasuwar Mboppi, muka shiga shagunan kayan gini na Akwa, ni da mayafina shi da lemarsa, ruwa na dukanmu. Abin da muka samu zarton kafinta ne da wuƙar yanka kwali. A shago ɗaya tak muka ga irin wuƙarsa a bayan gilashi, guda ɗaya, ta yi ƙura, kuɗinta kuwa sai da na sa mai shagon ya maimaita don na ɗauka kunnena ne. Tun a nan jikina ya fara sanyi, na gane Baturen ba sayarwa yake yi ba, kyauta yake yi, ya dai ɗora mata farashi don kada ma'aikacinsa ya ji kamar sadaka aka ba shi.

Amma ba kasuwa ce ta juya ni ba. Wata safiya na fito na tarar da shi a tsakar gida ya warware kwalin sukari, yana ƙoƙarin yanka taga da reza. Rezar na lanƙwashewa, kwalin na tsagewa, har ya yanke yatsa. Ya tsotse jinin ya sake ɗaukar wani kwali. Mutumin da ya yi shekaru yana fita da guga a rigarsa, yau ga shi a kan turmi yana fama da kwalin sukari. Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina. Na shiga ɗaki na kwance ƙullin na ajiye masa a cinya, na ce bana ba rago, layya dai ai ga mai hali take, masu magana kuma su yi ta yi.

Ban faɗi haka da sauƙi ba. A layinmu kowa ya san gidan da aka ɗaure rago da gidan da ba a ɗaure ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ba mu taɓa fashi ba, ni ke aika nama gidaje, ba a taɓa aiko mini don tausayi ba. Na san abin da zan ji ranar da kwanukan maƙwabta za su fara shigowa, amma na shirya masa.

Sai Yaya ya ji labari. Yaya wan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma shi a Kano ya tashi a hannun kawunsu, sai da ya girma ya dawo ya buɗe shagon atamfa a Mboppi. Ba zan ci amanarsa ba, mutumin kirki ne. Duk tsawon kiriz buhun shinkafarsa bai taɓa yankewa a gidanmu ba. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma, ya saurari komai. Bai hana ba, abin da ya tambaya kawai shi ne nawa aka taya.

Maigidana ya ce ba a taya ba, farashin da patron, wato Baturen, ya faɗa ke nan.

Yaya ya dube shi, ya dube ni, ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Wannan ita ce illar boko. Mutum zai hau jirgi, kaya sun yi masa nauyi, ya faɗi kuɗi, kai kuma ka ce to? Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Gobe zan raka shi. Za ku sami akwatin, za ku sami rago, ko da matsakaici ne."

Maigidana ya ce a hankali, "Yaya, shi ba a ciniki da shi."

"Ba a haifi wanda ba a ciniki da shi ba," in ji Yaya. Magana ta ƙare a nan, don a gidansu ƙane ba ya maimaita wa wansa magana sau biyu. Ni kuwa da nake da bakin, wallahi daɗi na ji. Akwati da rago a tare, wa zai ƙi?

Yadda aka yi a biron, daga bakin Yaya na fara ji, don shi ya dawo yana ba da labari da fara'a, ƙanensa na bayansa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce ya sa an buɗe akwatin, ya ɗaga kayan ɗaya ɗaya, ya ce wannan ya tsufa, wannan ya ci, wannan ko bola aka zubar ba mai ɗauka. Maigidana ne ke fassara masa zuwa Faransanci, don Yaya bai iya ba sai ɗan Pidgin na kasuwa. Sannan ya taya rabi. Ya jira ya ji abin da zai yi kama da albarka, don a ci gaba. Baturen ya mayar da kayansa cikin akwatin ya rufe. Sai Yaya ya yi abin da yake yi kullum a kasuwa, abin da ni ma nake yi wa mai tumatir: ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ja hannun ƙanensa suka nufi ƙofa. Suka sauka matakala a hankali. Suka ɗan tsaya a bakin titi, wai Yaya na gyara takalmi. Ba wanda ya kira su.

"Tsohon yana da taurin kai," in ji Yaya, "amma zai aiko. Kada ka kuskura ka koma da ƙafarka, in ka koma ka karya mini ciniki."

Muka zauna jiran aike. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai maigidana ya ɗaga kai. Da na ga kwanaki na tafiya na ce masa ya tashi ya je, in Yaya ya yi faɗa ya ce ni na tura shi. Ya sa rigarsa mai guga, ya ɗauki ƙullin kuɗin yadda yake, ya tafi. Ya tarar da biron a buɗe, ba komai sai tebura da mai gadi. An kai kwantena tashar jirgin ruwa da akwatin a ciki, Baturen kuma ya tashi. Ya dawo ya ajiye mini ƙullin a kan keken ɗinki, ya ce in bai wa Yaya ya zaɓo mana rago, shi ya fi sanin na kirki.

Rago kam an samu, ƙato, fari mai baƙin wuya, sai da yaran layi suka taru kallonsa. Ranar Sallah Yaya ya zo bayan idi, ya ga nama cike da baho, ya ce, "To kun gani? Da yanzu kuna zaune da ƙarafa kuna jiran kwanon maƙwabta." Maigidana ya ce, "Gaskiya ne, Yaya," ya matsar masa da kwanon hanta. Ni na soya naman nan, na rarraba gidaje, amma ban iya cin ko tsoka ɗaya ba. Na ji haushin Yaya, na ji haushin Baturen da bai leƙo ta taga ya ce ku dawo ba, na fi jin haushin daɗin da na ji ranar da aka yi mini alkawarin abu biyu.

Bayan Sallah Yaya ya ba shi wuri a shago. Ɗan kwangilar Yassa ya aiko sau da dama, daga baya ya daina. Maigidana ya zama mai auna atamfa a Mboppi, kuma a nan ya tsufa. Ba mu kwana da yunwa ba, yara sun yi karatu, ban taɓa jin ya faɗi magana marar daɗi a kan wansa ba.

An daɗe sosai kafin mu sake taɓo zancen. Wata rana ana ruwa, muna zaune a baranda ba wanda ya iya fita, na ce masa ko yanzu yana so a nemo irin akwatin nan, tunda 'yarmu ta fara aiki, kaya kuma sun yawaita a gari. Ya girgiza kai, ya ce idonsa ya tafi, hannunsa ma ya fara rawa.

Can ya ce, "Ai ba akwatin ne ke damuna ba. Patron ne ya koya mini riƙe wuƙar nan, da hannunsa a kan nawa. Ranar nan Yaya na cewa kayan bola ne, ni kuma ina fassarawa. Ai shi patron ba ya jin Hausa. Duk abin da ya ji, daga bakina ya ji shi, yana kallona. Ko sallama ban yi masa ba."